Miyar Dada da Wadda Ta Dawo Daga Daji

A gidanmu na Luggere, cikin Jimeta, ba a cin tuwo da miyar da ba ta sa hanci zuba. Kakarmu, wadda muke kira Dada, ita ta kafa wannan doka, kuma ludayi a hannunta yake. Miyarta ta yakuwa ce. Sauran mata sukan tafasa yakuwa su zubar da ruwan farko, ko su jefa 'yar kanwa don tsamin ya kwanta. Dada ta ce wannan aikin ragwaye ne. Takan bar tsamin yadda Allah ya yi shi, ta daka ƙananan barkono cike da tafin hannu, ta zuba daddawa da busasshen kifin Binuwai da 'yar gyaɗa, ta rufe. In ta buɗe tukunyar, har akuyar maƙwabta sai ta yi atishawa.

Tsakanin sallar magariba da saukar tukunya akwai ɗan lokacin da yunwa ke sa yara faɗa. A nan Dada ke tara mu gindin murhu. Mu shida ne jikoki, ni ce babba, ƙanwata Hajara ce auta. Sai ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya sau biyu ta ce, "Ga wata tana tafe, ku matsa mata."

Mu ce, "Mun matsa, ta zauna."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma ɗaya ce ta bi ni har tsufa.

Wai wata yarinya ce ta fita bayan gari tsinkar yakuwa, Dodo ya ɗauke ta. Shekara bakwai tana gidansa. A gidan Dodo babu gishiri, babu barkono, don shi barkono ƙone masa ciki yake. Wata rana ya yi barci mai nauyi, ta gudu. Ta yi ta tafiya har ƙafafunta suka fashe, ta iso ƙofar garinsu ta ce ita ce wance 'yar wance.

To, mutanen garin sun san Dodo yakan saka fatar mutum ya shigo cikinsu. Suka ce ba za ta shiga ba sai an gwada ta da miya mai yaji. Uwar ta ce ita za ta dafa da kanta. A nan Dada takan canza murya, ta daki ƙirji: "'Yata ce! Tun tana rarrafe take cin barkono. Ku miƙo min turmi, in ƙara ma, kowa ya gani." Ta ƙara kuwa. Yarinya ta kai loma ɗaya baki. Tari ya sarƙe ta, hawaye suka zubo, ta amayar. Jama'a suka ɗauki sanduna suka kora ta, suka rufe ƙofa. Da gari ya waye, ɗankwalinta kawai aka tsinta.

Sai Dada ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "To, wa ya cinye ta?"

Mu haɗa baki: "Dodo!"

Ba ta taɓa cewa mun faɗi daidai ba. Sai dai ta ce "Uhm," ta ƙara da, "Ta ƙone a nan, ku kankare," ta sauke tukunya. Mu kuwa mu dinga tura tuwo muna shan hanci, kowa na tsoron a ce shi ne ɗan Dodo. Abin da muka ɗauka ke nan: tatsuniyar sa yara cin miya ce. Sau ɗaya Hajara ta tsaya da loma a hannu ta ce, "Dada, uwar ba ta bi ta ba?"

Dada ta tura mata kwano. Sannan ta ce, "Ci tuwonki, auta."

Dada ta rasu, muka girma. Ni na gaji ludayinta, har a unguwa ana cewa in kana son miyar da za ta buɗe maka kunne ka je gidan Adda Ladi, wato ni; Adda a wajenmu babbar yaya ce. Hajara ta yi aure can wajen Madagali, ita da mijinta suna noman wake. Da 'yan bindigar nan, mutanen daji, suka auka wa garuruwan can, Jimeta ta cika da waɗanda suka tsero da ƙafa. Na bi masallatai, na bi coci-coci, na bi makarantun da aka zube mutane a ciki ina tambaya. Wata mata ta ce ta ga an kashe mijin ƙanwata. Hajara kuma an tafi da ita.

Shekara uku ba labari. Rannan aka aiko cewa sojoji sun fito da wasu mata, an sauke su a wani sansani bayan gadar Binuwai, hanyar Girei. Na je. Da ba ta ce "Adda" ba, da na wuce ta. Wuyanta ya zama kamar muciya.

Na kawo ta gida. Kafin la'asar tsakar gidana ta cika da mata 'yan barka, amma na lura babu wadda ta zauna kan tabarmar da take. Ina ji suna ƙus-ƙus: wai waɗanda suka daɗe a can an juya musu kai, wai wasu aiko su ake yi su yi ɓarna. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata bari in nuna musu 'yar gidan nan ce. Na ɗora miyar Dada. Na daka barkono cike da tafin hannu, na ƙara rabi. Na zuba mana a kwano ɗaya, ni da ita, a tsakiyarsu.

Ta dubi miyar, ta dube ni. Ta kai loma ɗaya.

Tarin da ya sarƙe ta har yau ina jin sa. Ta dafe ciki ta rarrafa bakin rariya ta yi amai, da ɗan jini a ciki. Tsakar gida ta yi tsit. Ni kuma, da bakin nan nawa da bai san linzami ba, don in kashe shirun, na yi dariya na ce, "Ke Hajara, ko kin zama 'yar Dodo ne?"

Wasa na yi. Na ɗauka za ta tuna gindin murhu ta yi murmushi. Babu wadda ta yi dariya. Wata ta jawo 'yarta jikinta. Ɗaya bayan ɗaya suka tuna sun bar abu a wuta.

Hajara ta wanke baki ta ce, "Adda, na tuna tatsuniyar."

Washegari da hantsi na dawo daga kasuwa, ɗakin babu kowa. Zanen da na ba ta yana ninke kan katifa.

Ina tsaye da zanen a hannu sai ga maƙwabciyata Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce, ba ta ɓoye magana. Ta ce, "Adda Ladi, kin san me kika yi? Mutumin da ya shekara uku yana cin ganye da ɗanyen hatsi, cikinsa duk gyambo ne. Kunu ake fara ba shi. Ke kin ba ta wuta, kin kuma tara mata 'yan kallo."

A nan tsaye na ji tambayar Hajara ta shekara arba'in da suka wuce, kamar yanzu ta yi ta. Ban ko sa takalmin kirki ba na tari keke na haye gada.

Na same ta a sansanin, zaune gindin wata bishiya. Na ce ta tashi mu tafi. Ta ce, "A nan babu mai gwada ni, Adda. Duk iri ɗaya muke." Ni ban iya lallashi ba, ban taɓa iyawa ba. Na zauna a ƙasa kusa da ita na ce to ni ma na zo ke nan, in Malam maigidana yana son tuwo ya biyo ni. Muka zauna har rana ta karkata. Can ta ce, "Kin ƙara barkono a kan na Dada." Na ce na ƙara. Ta ce, "Na gani tun daga launin." Sannan ta miƙo hannu na ɗaga ta.

Daga ranar barkono bai sake shiga tukunyata ba. Yakuwa na tafasa ta na zubar da ruwan farko, na jefa kanwa, aikin ragwayen da Dada ta raina. Maigidana ya ce, "Ladi, wannan miya ce ko ruwan wanke kwano?" Na ce ga yaji can a gwangwani, mai so ya barbaɗa a nasa, amma ba a kwanon da Hajara ke sa hannu ba. Matan da suka daina shigowa ban bi su ba. Wadda ta aiko a tambaye ni ko ba na tsoron kwana gida ɗaya da ita, na aika mata amsar da ba zan rubuta a nan ba.

Damina biyu Hajara ta yi tare da mu. Cikin bai warke ba. Ta rasu a ɗakina, kanta a cinyata, da safe.

Sai bayan rasuwarta na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata. Abu mai tsawo da na fara rubutawa da hannuna shi ne tatsuniyar nan, kuma ina rubutawa na ga abin da kunnena ya tsallake tun ina yarinya. Dodo ya riƙe yarinyar shekara bakwai tana raye. Kwana ɗaya ta yi a ƙofar garinsu. Ban san abin da Dada ta gani a zamaninta ba da ya sa take maimaita mana wannan labari, ban kuma tambaye ta ba lokacin da ake iya tambaya.

Yanzu barkono ya koma tukunyata, jikokina kuma suna zama gindin murhu in an ɗauke wuta. Ina ba su tatsuniyar yadda aka ba ni, ban rage ba, ban gyara ƙarshen ba. In na ce, "To, wa ya cinye ta?" sai su yi ihu, "Dodo!"

Dada "uhm" take cewa ta sauke tukunya. Ni ba na saukewa. Nakan ce musu, "Ku sake tunani. Tuwon zai jira."