Dattijon da Ya Ɗauko Faston Kuskure

Da safiyar Talata, takwas ga Afrilu, 2025, matarka Hiske ta kira ni a waya ta ce, "Fasto, Wiebe ya tafi gida." Wiebe, ka rasu a kan gadonka kana da shekara tamanin da huɗu, a makon da ɗanka Jelle ya buɗe wa shanu ƙofa suka fita ciyawa bayan dogon zaman sanyi. Na san da an ba ka zaɓi, makon da za ka zaɓa ke nan.

Wiebe Talsma, sau shida ikilisiyarmu ta Aldwier ta zaɓe ka dattijo, kuma babu gidan da ba shi da abin faɗa a kanka. Nawa dai ya fi na kowa nauyi, domin kai ka ɗauko ni ka kawo ni ƙauyen nan bisa kuskure. Haka na ɗauka har shekara talatin da ɗaya.

A shekarar 1994 Aldwier ba ta da fasto. Majalisar dattawa ta tura mutum huɗu, kai ne jagora, ku je ku saurari Fasto Roorda, wanda sunansa ya cika lardinmu na Friesland a lokacin. Dokar masu sauraro kowa ya san ta: ba a sanar da zuwa, ba a ajiye mota a ƙofar coci, ba a zama benci ɗaya, ba a yi wa kowa magana, da an sa albarka kuma a fice kafin a fara gaishe-gaishe, don kada masu coci su gane an zo ɗauke musu fasto. Kun bi dokar nan sau da ƙafa. Shi ya sa babu wanda ya samu damar gaya muku cewa muryar Roorda ta dushe tun Juma'a, wanda ya hau mumbari kuma ɗan cike gurbi ne.

Ni ne ɗan cike gurbin. Shekara huɗu ke nan da gama karatuna, ina yawon wa'azi coci-coci, babu ikilisiyar da ta ce in zo. Na riga na gaya wa matata Renske cewa Lahadin nan ce ta ƙarshe, zan koma shagon katako na surukina, tunda ga alama ni na kira kaina, ba Ubangiji ba. Wa'azin ma bai yi daɗi ba, ba sai an ɓoye ba. A kan annabin nan na yi shi, wanda aka aika gabas ya shiga jirgi ya nufi yamma. A tsakiya na ɓace a takardata. Sai na rufe takardar na ce wa jama'a ni ban san yadda mutum yake rarrabe muryar Allah da ta zuciyarsa ba, amma na san Allah bai gaji da mai gudu ba, balle mai ɗingishi. Na yi addu'a na sauko, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan kwana goma Roorda ya kira ni yana dariya har da tari. Wasiƙa ta zo masa daga Aldwier, ana yabon wa'azin da ya yi a ranar da yake kwance da tawul a wuya.

Kafin majalisa ta zauna labari ya kai kantin burodi, ƙauye ya samu abin dariya. Harmen mai gyaran keke, wanda yake cikin ku huɗun, ya ce a rufa wa juna asiri a sake tafiya a ji na ainihin. An ce a zaman majalisar ka miƙe, hularka a hannu, ka ce ji aka aike ku ku yi, ba duba suna ba, abin da kuka ji kuwa kun ji shi. Ikilisiya ta kaɗa ƙuri'a, na sha da ƙyar, da rinjayen mutum biyar. Wasiƙar kira ta zo, aka ba ni mako ukun da ake bayarwa, na amsa a rana ta ashirin. Amma da ƙaya a zuciya na shigo Aldwier. Mutane suna ce mini Faston Kuskure, cikin so suke faɗa, ina tayawa da dariya, in na koma gida kuma in tambayi Ubangiji ko ni ya nufa, ko kujerar wani na hau.

Kai ka koya mini aikin. Ka ce kada in shiga gidan manomi lokacin tatsa, in cire takalmi a ƙofar baya, in sha kofin da aka ba ni ko da na uku ne a wunin, kada kuma in buɗe Littafi Mai Tsarki sai mai gida ya gama maganar farashin madara, domin abin da ke damunsa yana bayanta. Da cuta ta cinye garken maƙwabcinka Ype, ba ka je masa da wa'azi ba. Karsana biyu ka kora zuwa gidansa, ka ce wai wurinka ya cika, ya taimake ka ya riƙe. Shekara goma sha tara kana ɗaukar tsofaffin matan bakin madatsar ruwa a motarka zuwa sujada, suna yi maka faɗa a kan tuƙi tafiya da dawowa. Na taɓa tambayarka mene ne naka kiran, ka ce shanu da ƙofofin mutane, ka ci gaba da wanke bokiti.

Ba ka da yabo a baki. Da alawar minti kake auna wa'azi: uku kake sawa a aljihu kowace Lahadi, in ka gama su kafin in kai rabi, na san ranar ban yi abin kirki ba. Amma duk ranar da ya zama kai ne dattijon da zai raka ni gindin mumbari ya ba ni hannu, sai ka matse nawa da wannan hannun naka mai kaushi, in hau da ƙarfin da ban zo da shi ba.

A shekara ta tara wata babbar ikilisiya a birni ta aiko mini da kira. Na so in tafi, ba don girma ba, sai don wannan karon sunana suka nema. Na same ka a garke na zazzage maka cikina. Ka ce, "Fasto, saniya ba ta tambaya ko ita aka je saye a kasuwa. Madara take bayarwa." Na ji haushinka ƙwarai a ranar, amma na zauna, ban kuma yi nadama ba. A nan na yi wa 'ya'yan waɗanda na yi wa baftisma baftisma, a nan na yi ritaya. Ƙayar dai ba ta fita ba, sabawa na yi da ita.

A watan Maris da ya wuce na zo duba ka da rana. Hiske ta kawo kofi, kana jingine da matasai uku kana kallon fili ta taga. Na tsokane ka na ce Faston Kuskure ya zo. Ba ka yi dariya ba.

"Gerben," ka ce. Ranar ka fara kirana da sunana. "Har yanzu kana kan maganar nan? Roorda shi ya ɗaura auren ƙanwar Hiske. Tebur ɗaya muka ci abinci. Dogo ne mai gemu, kai kuwa ga ka nan, gajere, sai kunnuwa. Tun kana hawa matakala na san ba shi ba ne."

Na ajiye kofin. Na ce me ya hana ka faɗa.

"Da na faɗa a mota, da sun zubar da abin da suka ji kafin mu kai gida. Ban yi ƙarya ba, shiru na yi, kuma na nemi gafara a kan shirun. Daga baya kuma na ɗauka ka gane. Kai da ka yi karatu."

Hiske ta ce ita tun ranar da kuka je sauraron ta san an samu fasto, domin da ta zo goge rigarka ta tarar da alawarka uku cur a aljihu. Shekara sittin da aurenku, ranar kaɗai ta ga haka. Ka ce ka ji mutumin da ba zai yi maka ƙarya a bakin kabari ba, irinsa kuma ƙauye yake bukata. Na yi kuka a gabanka, ka kau da kai kana kallon fili har na gama, don kada ka ba ni kunya.

Ina kewarka, ɗan'uwa, amma raina a kwance yake. Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya gafarta kurakuranka, har da shirun nan, ya karɓe ka cikin hutunsa saboda Yesu Almasihu wanda ka bauta wa ba hayaniya. Hiske, Allah ya ƙarfafa ki, ya zama abokin zamanki a gidan da ya yi miki girma. Jelle, da ƙanwarka Aukje, da jikoki bakwai, Allah ya ta'azantar da ku, ya ba ku kunne irin na Wiebe. Ikilisiyar Aldwier, mu yi wa juna gaisuwa, don rashin na dukanmu ne.

Ranar Asabar ni zan hau mumbari a jana'izarka, kamar yadda ka bar wasiyya. Hannunka ba zai kasance a gindin matakala ba, amma zan hau da sanin cewa ni aka nufa. Ka huta lafiya, Wiebe. Kai ma an kira ka, da sunanka, kuma Mai kiran ya san fuskarka.