Koren Ɗan Dutsen Inna

Shekarar da damina ta ƙi, niƙau ne ya riƙe gidanmu. Matan unguwa su aiko da 'yar dawarsu, Inna ta niƙa, a sallame ta da ɗan tsaki ko dusa. Da wannan muke kwana.

Ana cikin haka ɗan dutsen niƙanta ya rabe biyu. Lokacin Baba na cikin masu ƙara wa rijiyar gari zurfi. Sun wuce jar ƙasa, sun wuce marmara, sai suka tarar da wani dutse kore mai hawa-hawa, ana ɓamɓaro shi falle-falle. Daga baya na ji an ce zafi da nauyin ƙasa ne ke dafa irinsa a can ƙasa. Baba ya zaɓo mai kauri ya gyara wa Inna, ya zama sabon ɗan dutsen niƙanta. Ga santsi kamar sabulu, ga ƙyalli. Ni har murna na yi.

Ashe wahala ya kawo mana. Gari ya fara fita kore-kore, in an kai shi rana yana walƙiya. Nan fa aka shiga ƙus-ƙus. Wasu su ce garin kuka Inna take zubawa don cike gurbin abin da ta ɗiba, wasu su ce magani ne. Kuka mai ƙyalli, don Allah! Wata maƙwabciyarmu ta daina aiko yara, ta koma kawo dawarta da kanta, ta zauna har a gama, wai hira ta zo. Hirar me? Idonta na kan hannun Inna. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ran nan Inna ta gaji. Ta ɗaga ɗan dutsen a gaban matar, ta karce shi da farce. Sai ga shi yana zubowa kamar ɓawon kifi. Ashe laushi gare shi, shi ke cinyewa cikin garin.

Na ce a raina shi ke nan, gaskiya ta yi halinta. Sai matar ta tafa hannu.

"La'ilaha illallahu! Wato dutse kike ba 'ya'yanmu, Yaya?"

Inna ta ce, "Nawa ma shi suke ci."

Matar ta kwashe dawarta, ko gama niƙan ba a yi ba. Kafin la'asar labari ya gama unguwa.

Washegari na share gindin dutse, muka zauna. Har rana ta take ba wanda ya yi sallama. Ƙanina ya leƙa tukunya, ya dubi Inna.

Ta ce, "Je ka yi wasa tukuna."