Kwamfutoci Huɗu da Tuwon Gayya

Jikanyata mai karatun kwamfuta a Aliero ta faɗo mini Jega ranar Litinin, ido jajur. Alhamis za ta nuna wa malamanta aikin kammala karatu, in bai yi ba ta maimaita shekara. Aikin kuwa, wai ta jona kwamfutoci huɗu da waya, ta rubuta musu umarnin su riƙa tuna abu tare. Abin da ɗaya ta ajiye, sauran su same shi kamar a cikinsu yake.

Na ce, "Madalla. An gama haɗa kan mutane, saura ƙarafa."

"Kaka, ba wasa nike ba. Ta fari ta canza lissafi, ta uku na riƙe da tsohon, amsa ta hito biyu."

Wannan ne abin da ya hana mai ilimi cin abinci! Na ce ta zauna.

Mu huɗu ne mata a ɗakinmu: ni nan, biyu a Sabiyal, autarmu a Andarai. Sha'anin gidanmu duk a kai muke riƙe shi, ba takarda. Wata shekara yayarmu ta sa gayyar dashen albasa Asabar, daga baya ta maido ta Laraba, ta faɗa wa ta kusa da ita kawai, ba ta aiko mana ba. Ni da ake yabo ba na mantuwa, na riƙe Asabar gam. Na tuƙa tuwon mutum talatin, na shiga mota, na tarar albasa har ta kama ƙasa. Awakin Sabiyal sun yi walima.

Tun ranar na kafa doka: mai canza magana ta fara aika wa kowa cewa tsohuwar ta mutu, kuma kada ta motsa sai "mun ji" ya dawo daga bakin kowa, ko da sai ranar kasuwa.

Yarinya ta ce, "Aikawa ina yi. Jiran 'mun ji' ɗin ne ban sa ba." Ta suri jaka. "Ai yana cikin littafinmu ma."

"To littafi ya iya. Mai karatun ce dai."

Alhamis da la'asar ta kira, ta ci. Malami ɗaya ne ya yi ƙorafi, wai jiran yana sa injunan yin nawa. Na ce in yana da dabara mai sauri ya kawo, ina nan Sabon Garin Jega, ba inda za ni.