Gidan Mutari a Kan Burtali

Mutari manomi ne a Bande, gonarsa tana bakin burtali, hanyar shanun makiyaya. Duk damina sai ya ƙara layin gero ɗaya cikin hanyar. Da ya ga ba mai tanka masa, ya gina ɗakuna a wurin, bai nemi izinin kowa ba. Nan ya hayayyafa, nan ya tsufa.

Bana ma'aikata suka zo kafa turakun siminti, igiyar awo ta ratsa tsakar gidansa. Ya kai kuka wurin maigari.

Maigari ya ce, "Mutari, burtali ya girme ka."

Aka rushe gidan. Yanzu yana raɓe a zauren ƙaninsa, shanu kuwa suna taka inda aka binne cibiyar 'ya'yansa.