Mutumin da Birai Suka Daina Gani

A duk ƙasar Toro babu wanda goggon birai suka amince da shi kamar Tibamanya. Shaidar amincewar kuwa ita ce, ko kallo bai ishe su ba.

Aikinsa ke nan tun yana saurayi: ya bi garke guda a dajin Kibale har su saba da ɗan Adam, don baƙi masu kyamara su riƙa samunsu a zaune. Da farko jifansa suke yi da rassa. Daga baya suka koma harara. Ranar da wata uwa ta juya masa baya ta ci gaba da shayar da ɗanta, aka yi masa ƙarin girma.

Haka ya tsufa yana koyon zama ba kowa ba. Da asuba yakan tsaya ƙarƙashin sheƙoƙin da biran suka kwana a ciki bisa itatuwa, raɓa na ɗiga a hularsa, hazo na yawo tsakanin itatuwa kamar bai gama barci ba, har shi ma ya rasa inda ƙafarsa ta ƙare saiwa ta fara.

"Amooti, ka ƙware," in ji matarsa Kabasomi, ta kira shi da sunansa na girmamawa tana kwashe tuwon gero. "Jiya har na gama share ɗaki ban lura kana ciki ba."

"Sana'a ce, Akiiki," ya amsa da nata sunan na girmamawa.

"To, sana'a ta wanke hannu, tuwo na hucewa."

Abu guda yake so kafin ya ajiye aiki. Akwai wani tsohon namiji a garken, wanda suka yi furfura tare. A asirce ya raɗa masa Araali, irin sunan girmamawar da mutane ke kiran juna da shi. So yake Araali ya dube shi sau ɗaya, kallon sanayya, ko da hakan na nufin aikin bai yi kyau ba.

Ranar sallama ya zauna ya jingina da wata bishiya. Araali ya taho a hankali bisa dunƙulallun hannuwa, ya matso har inda doka ta ce mutum ya ja da baya. Tibamanya bai ja ba. Idanun Araali masu launin zuma suka ɗago, cike da bege, suka tsaya. 

"Araali," in ji Tibamanya ƙasa-ƙasa, "ni ne."

Araali ya dafa kafaɗarsa, ya taka ta, ya haye sama. Bishiyar ɓaure ce, kuma a makon ta nuna.