Yalon da Sufeto ya Ci

Ban taɓa mantawa da ranar da sufeton ilimi ya shigo ajina a Kafanchan ba, cikin damina ta 1976. Ina sabon malamin kimiyya, kuma a lokacin ba a tabbatar wa mutum da aiki sai sufeto ya zauna ya ga darasinsa. In bai gamsu ba, ka tattara komatsanka.

Darasin shi ne yadda ake raɗa wa sinadarai suna. Dokar mai sauƙi ce: ka ƙirga carbon da ke jere mafi tsawo, sannan ka faɗi inda reshe ya fito. Ba mu da kayan nuni, saboda haka na sayo yalo a kasuwar tasha, na soke su da tsinken tsintsiya. Kowane yalo carbon ɗaya. Biyar a jere, da reshe a kan na biyu: 2-methylpentane ke nan. Mako guda muna rera sunan nan kamar waƙar coci.

Kuskurena ɗaya, na bar shi a kan tebur lokacin hutun tara, a gaban 'yan makarantar kwana. Da muka shigo da sufeto, yalon ƙarshe ya ɓace, sai tsinke tsirara.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Malam, ba mu san shi ba," in ji Bitrus, shugaban aji, yana goge baki.

Sufeto ya ɗaga abin, ya nuna wata yarinya, Rahila. "Ke, mene ne sunansa?"

Na sunkuyar da kai ina addu'a, don na san abin da suka haddace. Rahila ta ƙirga da yatsa. "Sa, da safe 2-methylpentane ne. Yanzu ya koma 2-methylbutane, don wani ya cinye ɗaya."

Sufeto ya zare yalo na gaba ya gatsa. "Yanzu fa?"

"2-methylpropane," aji ya amsa.

Haka ya yi ta ci suna ba shi suna har ya rage ɗaya, suka ce methane. Ya tambaye ni inda nake samun yalo marar ɗaci, ya fita. Aka tabbatar da ni.

Ku da kuka fara aikin nan yanzu, ga abin da na koya: in kuna so ku san yaro ya gane, ku canza masa abin da ya saba gani. Kuma kada ku koyar da mai jin yunwa da abin da ake ci.