Ruwan da ya zagayo ta bayanmu a Blackpool

Shekara biyar ke nan da rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa da rahama. Shekara biyar ke nan kuma Mama ba ta wuce unguwarmu ta Longsight da ke Manchester ba, sai kwanan nan. Daga gida sai kasuwa, sai masallaci, sai wajen GP, wato likitan unguwa. Ni ce 'yarsu Ummi, sunan mahaifiyarsa ya sa mini, kuma wallahi akwai abin da na gano wanda nake jin kamar in je in tashe shi in gaya masa.

Bari in faro muku daga tushe. Ina ƙarama, wani hutun bazara, Baba ya kwashe mu zuwa Blackpool, garin nan na bakin teku da kowa a Manchester yake zuwa shan iska. Ƙanwarsa, Gwaggo Binta, ta taho tun daga Handsworth da kular dambu. Muka shiga gidan zu, muka hau lilon da yake juya mutum sama. Da Baba ya hango jakuna a kan yashi an yi musu kwalliya yara suna hawa, dariya ya yi har da riƙe ciki. "Hajiya, zo ki ga jaki da suna a goshi! A garinmu itace yake ɗauka."

To, tekun ne ba mu tarar ba. Ya ja can nesa, sai yashi iya ganinka. Baba mutumin Wudil ne, a bakin kogi ya tashi. A saninsa, in ruwa ya janye, ya tafi ke nan sai damina, har mutane su riƙa ratsa cikin kogin da ƙafa. Sai ya ce, "Ashe su ma nasu yana ƙafewa." Ya naɗe darduma, ya kama hannuna, muka nausa don ya yi La'asar inda ba hayaniya. Mama da Gwaggo suka zauna a kan katanga.

Yana cikin salla na waiga. Ruwa ne a bayanmu. Ba ta gaba ya zo ba, zagayowa ya yi ta wani kwari, ya raba mu da gari. Ina hango Mama tana ɗaga mayafi, bakinta a buɗe, iska ta hana ni jin komai. Yashin da muke kai sai raguwa yake yi. Baba yana sallamewa ya saɓa ni a kafaɗa ya shiga, ruwan har ƙirjinsa, sanyi kamar ƙanƙara. Mun fito, dardumar ce ba ta fito ba.

Tun ranar Mama ta ce ita da teku har abada. Shi kuwa Baba abin ya tsaya masa a rai. Ba tsoro ba, tambaya. Daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi a ɗakin sama. Benen gidanmu matsattse ne, sauko da shi sai an nemo maza, tagarsa kuma bangon maƙwabta kawai take kallo. A nan yake ce mini, "Uwata, wai ina ruwan nan yake zuwa? Wa yake kiransa ya dawo?" Sai in ce ban sani ba. Ya roƙi a mayar da shi ya ƙara gani. Mama ta ce, "In ka warke, Malam." Bai warke ba.

Jama'a, wata ne! Watan nan na sama, da ikon Allah shi yake jan ruwan teku. Ba a jami'a aka koya mini ba, ni na bi intanet da laburare har na gane. Kusan sau biyu a kowace rana ruwan yake cikowa ya koma, kuma in wata ya tsaya ko ya cika, cikowar ta fi ƙarfi. An ma san lokacinsa tun kafin ranar ta zo. Mutumin da yake tsayawa a bayan gida yana leƙen watan azumi cikin gajimaren Manchester, me zai ce in ya ji wannan? Na san sai ya kira duk abokansa na Wudil ya ba su labari, su ƙaryata shi.

Shi dai ya tafi. Wadda ta rage mini ita ce Mama, kuma gidan nan yana cinye ta ina gani. Labule a sake, ɗakin sama a rufe. Na yi ta nacin mu koma Blackpool, na haɗa da Gwaggo. A waya Gwaggo ta ce mata, "Yaya, takaba dai an gama tun tuni. Ko so kike ki zama kujerar falo?"

Watan jiya muka je, har da Gwaggo. Mama ta yarda ne da sharaɗin ba za ta fito daga mota ba. Na duba lokacin cikowar ruwa, na ajiye motar inda za ta iya hangowa, ina ta zuba mata bayanin wata kamar rediyo.

"Ummi, ki bar ni da surutun nan. Halin ubanki sak."

Gwaggo ta tafi neman kifi da dankali. Can sai na ji an buɗe ƙofa. Mama ta taka a hankali har bakin katanga, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu. Ba ta sauka kan yashi ba, ni ma ban ce ta sauka ba. Ruwan yana tahowa, yana cike kwaruruka tukuna.

"Ashe a hankali yake zuwa," ta ce. "Ni a idona da gudu ya zo."

Ban san me ya rage na Baba a duniya ba in ba wannan son sanin da ya bar mini ba, da tsoron da ya bar mata ba da niyya ba. A da ina ganin tsoron ya fi nauyi. Ranar dai iska ta yi ƙarfi, yayyafi ya fara, Gwaggo ta dawo tana mita kifi zai huce. Na ce, "Mama, mu koma mota."

Ba ta ko waigo ba. "Ku je ku ci. Ni sai na ga komawarsa."